Wankin Ba Ruwa

Sunansa na yanka, ko matarsa sai ta tsaya ta yi tunani kafin ta tuno shi. Kowa a unguwar Ba Ruwa yake ce masa. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, don kunyar furfurar, ba don an ga ya ƙara wayo ba.

A wurin aiki ya samo sunan. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka buɗe wani shagon wanki a bakin babban titi, sama kaɗan da ɗakin famfon hukumar ruwa. Allon shagon na ɗauke da wani suna mai karya harshe, ba wanda ya iya faɗarsa, sai mutane suka huta, suka ce wankin ba ruwa, tunda an gaya musu kayan da suka shiga injin nan ko ɗigon ruwa ba ya taɓa su. Aka ɗauke shi aiki a can. To shi kuma dama mutum ne da in rigima ta tashi a gabansa sai ya ɗage ƙafa ya tsallake. Maƙwabta na dambe, ba ruwana. Akuya ta shiga gidan wani, ba ruwana. Sai sunan ya hau shi daidai, kamar tela ya auna.

Aiki kam ya iya, a faɗi gaskiya. A miƙo masa kwat ko rigar siliki, ya ɗaga ta wajen haske, ya ce wannan tabon man mota ne, wannan tawada ce, wannan kuma mai rigar ya ci abinci ne kamar ana korar sa. Injin yana da ƙofa zagayayya ta gilashi, a zuba kaya, a sako magani daga durom, kayan su yi ta juyawa a ciki. Maganin fari ne tas kamar ruwa, da wani ƙamshi mai zaƙi mai hawa ka. Ranar farko mai shagon, wanda duk suke kira Maigida, ya kama hannunsa ya ɗiga masa maganin a tafi.

"Duba da kyau," in ji Maigida.

Ya duba. Wurin ya yi sanyi, kafin ya ƙifta ido sau uku tafin ya bushe ƙayau.

"Ina ya tafi?"

"Ban sani ba, Maigida."

"Iska ta sha. Wannan ba ya zama a ko'ina. Ka riƙe wannan, ka gama koyon rabin aikin."

Ya kuwa riƙe. Mutumin da ba ya son tambaya, in aka ba shi amsa ɗaya sai ya rungume ta har kabari.

Sai dai injin yana da matata, matatar kuma tana tara baƙin dagwalo, dattin rigunan gari gauraye da ragowar magani. Duk ƙarshen mako sai an kwashe shi. A bayan shagon akwai ɗan fili da wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun kafin a yi ginin. Maigida ya leƙa ta, ya jefa dutse, ya ji ya faɗi a busasshiyar ƙasa.

"Rijiya ba ruwa, magani ba ruwa, mai zubawa Ba Ruwa," ya ce, yana dariyar maganarsa shi kaɗai. "Nan za ka riƙa juyewa."

Nan ɗin ya riƙa juyewa. Bokiti biyu duk mako, in maganin durom ya tsufa ya yi duhu shi ma a bi da shi. Shekara talatin da ɗaya. A cikin shekarun nan ya yi aure, aka haifa masa 'ya'ya huɗu, suka girma suka watse. Hannuwansa suka yi fari suka tsattsage kamar bayan tukunya. Hancinsa ya mutu murus, har abinci ya ƙone a gabansa ba ya ji. Matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ta ce ita ce mace ɗaya a duniya da ta daina sayen turare tun tana amarya, don asara ne.

Maigida ya rasu, magada suka sayar da wurin. Kafin a sayar aka ɗora wa rijiyar murfin siminti, aka daɓe filin gaba ɗaya. Shagon ya zama wurin gyaran firji, ya zama wurin ɗinki, a ƙarshe wani mai sayar da tayil ya saya, ya gina sito a filin baya. Ba Ruwa ya koma ƙofar gidansa da tebur da dutsen guga. Shekara goma sha biyu yana nan, yana goge wa unguwa kaya, ƙafafu na kumbura, baya na ciwo. Rijiyar nan ko a mafarki ba ta zo masa ba.

Ruwan unguwar daga rijiyoyin burtsatse biyu na hukuma yake fitowa. Ta sama tana cikin ɗakin famfon nan kusa da tsohon shagon, ta ƙasa tana gangare, bayan makaranta. Wata safiya aka wayi gari an garƙame ta sama da kwado, an manna takarda. Waɗanda suka iya karatu suka ce an sami guba a ruwan. Daga ranar ta ƙasa kaɗai ke aiki, ruwa ya koma zuwa kwana ɗaya ya tsallake biyu. Tanka ta riƙa shigowa, mata da jarkoki tun daga bakin titi har kwanar unguwa, rana na dukan su. Inna da gwiwarta mai ƙara tana cikin layin.

Sai ga wata mata daga hukumar ruwa ta fara zuwa da farar mota, da kula cike da ƙanƙara, da ƙananan kwalabe jere kamar na mai sayar da turare. Unguwa ba ta ɓata lokaci ba, ta sa mata Mai Kwalabe. Ba yarinya ba ce, ta kai arba'in, idanunta irin na wadda ta gaji tun kafin ta fito daga gida. Ta sa aka kawo injin haƙa, aka huda ƙasa wuri uku a gaban tsohon shagon, gefen kwata, aka zura bututu, aka rufe kowanne da murfin ƙarfe. Ɗaya daga cikin ramukan na kallon teburin gugar Ba Ruwa.

Ya riƙa kallon ta yana guga. Ta buɗe murfi, ta zura wata igiyar awo, in ta taɓa ruwa sai ta yi ƙara, ta rubuta. Ta janye ruwan farko ta zuba a durom, ba ta yarda ko ɗigo ya taɓa ƙasa. Sannan ta cika kwalba har ruwan ya yi tozo a baki, ta rufe, ta kifa ta, ta ɗan ƙwanƙwasa da farce tana kallo. In ta ga wani abu sai ta ja tsaki ta ɗauko wata kwalbar.

Ran nan ta zo ta nemi ya ba ta aron benci.

"Sannu da aiki, Baba. Ƙafata ce ta gaji."

"Zauna, 'yata. Bencin ma ya gaji, ku lallaɓa juna." Ya ajiye dutsen guga. "Wai me kike nema a gindin kwalbar nan kullum?"

"Kumfa. Ko ƙwaya ɗaya ta iska ta shiga, aikin ya ɓaci. Abin da nake nema, da ya sami iska sai ya bar ruwan ya gudu cikinta. A kai ɗakin gwaji a ce ba komai, alhali yana nan."

"Wane abu ne haka?"

"Maganin wankin kaya. Na irin shagon da aka ce an taɓa yi a can."

Ba Ruwa ya ji wani sanyi a tafin hannunsa, daidai inda Maigida ya ɗiga masa. Amma ya yi murmushi, don a ganinsa ya kama ta.

"To ai kin faɗa da bakinki. Iska ke shanye shi. Ba ya zama a ko'ina."

"In ya sami iskar, Baba. A ƙarƙashin ƙasa wace iska? Kuma ya fi ruwa nauyi. Ba ya yawo a sama kamar mai, nutsewa yake yi. Ya bi ƙasa a hankali har ya tarar da ruwa, ya ratsa shi, ya je can gindi ya kwanta. Daga nan ya riƙa sakin kansa kaɗan-kaɗan, ruwan na ɗauka yana gangarawa da shi. Shekaru yana yi."

"Gangarawa ina?"

Ta nuna da haɓa wajen makaranta.

Ta ce ramuka ukun nan duk sun nuna alamarsa, amma sama-sama, ba nan ne uwar ba. Tsohuwar taswirar ginin ta nuna bututun shagon ta gaba yake fita, shi ya sa ta haƙa a gaba. In ba a gano inda aka zuba shi ba, ba abin da za a tare, zai ci gaba da tafiya har ya isa rijiyar ƙasa, ita ma a sa mata kwado. Injin haƙan kuma ranar Alhamis za a ɗauke shi zuwa wata unguwa, rami ɗaya ya rage mata.

"Na tambayi duk wanda na gani. Mai shagon ya rasu, magada ba su san komai ba. An ce kai ka yi aiki a can."

"Na yi guga a can," in ji Ba Ruwa. Ya ɗauki dutsen, ya tofa masa yawu ya ji zafinsa. "Abin da ya shafi inji, ba ruwana."

Ta dube shi, ta dubi hannuwansa. Guga ba ta yi wa hannu haka, ita ma ta sani. Amma sai ta gode da benci, ta ɗauki kularta.

Da la'asar tanka ta zo. Daga teburinsa yana jin layin. Mace ɗaya ta ce wanda ya zuba musu wannan masifa Allah ya isa. Wata ta ce ai da ta san shi da jarkar nan za ta fasa masa kai, in ya so ta kwana ba ruwa. Mai Tayil, da ya fito kallon layi da hannu a aljihu, ya ce irin waɗannan ɗaure su ya kamata a yi, ba tsoho ba yaro. Kowa ya ce ƙwarai. Rabin masu maganar nan rigunansu na kan teburin Ba Ruwa. Shekara sittin da wani abu ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa a unguwar, ba don ya yi wani abin kirki ba, don dai bai taɓa yin komai ba. Wannan ɗin ne kaɗai abin da ya tara.

Inna ta shigo tana jan jarka, ta dire ta a tsakar gida, ta zauna a kanta tana haki.

"Na ga Mai Kwalabe a bencinka."

"Hutawa ta yi."

"Ta huta. Kai fa, ka huta?"

Ya ci gaba da ninke riga.

"Malam, ni fa na kai maka abinci bayan shagon nan ya fi sau dubu. A bakin rijiyar nan nake ajiye kwano, ina toshe hanci. Kai hancinka ya mutu, ni nawa da ransa, kuma ƙwaƙwalwata ma da ranta."

"Maigida ne ya ce a zuba."

"Maigida yana inda ba a jan jarka. Je ka taso shi ya zo ya nuna mata."

"Kin ji abin da suke faɗa a layi?"

"A cikin layin nake, ba labari aka ba ni ba. Har amin na ce, don kada a gane ni." Ta murza gwiwarta. "Shekara arba'in ina jin ba ruwana, ba ruwana. To ga shi Allah ya amsa maka, ba ruwan. Ka ji daɗi? In suka rufe ta ƙasa, kai za ka goya ni zuwa bakin titi?"

"Sai ki faɗa mata ke."

"Ni na zuba? Ni ban san ma inda take ba yanzu, an daɓe, an yi gini. Ƙafarka ce ta san wurin."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ƙafarsa ta sani. Daga ƙofar baya taku tara, sannan taku biyu hagu don kauce wa tushen bishiyar da ke wurin a da. Ya yi tafiyar nan da bokiti a kowane hannu har ba ya buƙatar ido.

Talata ta wuce yana guga. Ya ƙona wa wani malamin makaranta wuyan riga, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ranar Laraba da safe ya ga Mai Kwalabe da masu injin suna auna wani wuri a gefen titi, can nesa da inda ya kamata, har sun zana alama da farin fenti. Ya tsaya yana kallon alamar nan. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane tabo, ya ga ana shirin wanke inda ba datti. Ko tsoron Allah ne ya tashe shi, ko bakin Inna, ko haushin ganin aikin banza, shi ma bai tantance ba. Ya cire dutsen guga daga wuta, ya sa takalmi, ya ja ƙafa ya tsallaka titi.

"'Yata, ba nan ba ne."

Ta ɗago. "Ina ne, Baba?"

"Biyo ni."

Mai Tayil na zaune a ƙofar shagonsa, ya ga tsoho ya shige ciki da ma'aikaciyar hukuma a baya.

"A'a, Baba Ba Ruwa, lafiya? Tayil za ka saya wa Inna?"

"Buɗe mini ƙofar baya."

Ƙofar na nan inda take, fenti kawai aka sauya. Ya tsaya a bakinta, ya saki hannuwansa ƙasa kamar mai ɗauke da bokiti biyu, ya fara taku. Ɗaya, biyu, uku. A na shida ya shiga sito. A na tara kwalayen tayil suka tare shi, aka janye. Ya yi biyu hagu, ya kauce wa bishiyar da aka sare tun shekara goma. Ya buga dunduniya a daɓen. Sautin ya fito daban, kamar an buga ganga.

"Akwai rijiya a nan ƙasa. Nan nake zubawa. Bokiti biyu duk mako."

"Shekara nawa?" in ji Mai Kwalabe a hankali.

"Talatin da ɗaya."

Ta rufe ido ta buɗe. Mai Tayil kuwa baki ya saki.

"Kai ne? Kai ne, Baba? A ƙarƙashin sitona? Yanzu fasa mini daɓe za a yi?"

"Ni ne. Shekaranjiya ka ce a ɗaure, ga ni. Sai dai ka nemo igiya mai laushi, ƙafafun sun kumbura."

Kafin azahar an fasa daɓen. Da aka ɗaga murfin simintin, masu aikin suka ja da baya suna tari, Mai Tayil ya fita da gudu da riga a hanci, Mai Kwalabe ta sa aka buɗe ƙofofi kowa ya fita waje. Ba Ruwa kaɗai ya tsaya yana leƙen ramin, ba ya jin komai, sai da ta kamo hannunsa ta jawo shi.

A waje ta fito da takarda, ta ɗora a kan mota.

"Dole in rubuta wanda ya nuna wurin. Sunanka, Baba?"

"Ba Ruwa."

"A takardar hukumar ruwa zan rubuta Ba Ruwa? Su ce na haukace?"

Sai ya faɗa mata na yankan. A bakinsa ma ya ji shi baƙo.

Ba a ɗaure shi ba. Hukuma ta ce lokacin ba wanda ya hana, ba wanda ya duba, kuma shi ɗan aiki ne. Unguwa ita ba ta da wannan lissafin. Kafin magariba labari ya gama gidaje. Wasu suka aiko aka kwashe kayansu daga teburinsa, ko gogewa ba a yi ba. Matar da ta yi alkawarin fasa kai da jarka ta wuce shi sau uku ba gaisuwa, a na huɗu ta tsaya ta ce, "Baba, ka cuce mu," ya ce, "Na sani," ta wuce. Inna ta ci gaba da shiga layi, kai a sama. Duk wadda ta yi mata kallon banza sai ta ce, "Mijina ya zuba, mijina ya nuna. Naki me ya taɓa nunawa?"

An kwashe abin da za a iya kwashewa daga rijiyar, a duroma masu murfi. Aka haƙa ramin ƙarshe a gefenta, aka sa famfo yana jan ruwan ƙasa dare da rana, yana bi da shi ta cikin wasu tankuna biyu da aka ce gawayi ne a ciki. Rijiyar sama har yau da kwadonta. Ta ƙasa tana aiki. Ba wanda ya ce ta tsira, an dai ce ba a ga komai a cikinta ba tukuna, kuma duk wata uku sai an sake dubawa.

Duk wata ukun Mai Kwalabe na zuwa, ta bi ramukanta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a bencinsa. Kayan guga sun ragu, yana da lokaci. Ya taɓa tambayar ta yaushe za a gama.

"Wallahi Baba, wataƙila in yi ritaya in bar wa wata."

"Ni na zuba talatin da ɗaya."

"To ka ga. Fitarwa ta fi zubawa wuya."

Idonta ya fara gajiya da kallon gindin kwalba, shi kuwa nasa, duk abin da ya mutu a jikinsa, ido bai mutu ba. Sai ta riƙa miƙa masa bayan ta rufe. Ya karɓa da tsattsagaggun yatsunsa, ya kifa, ya ɗaga wajen haske yadda yake ɗaga kwat a da. Zuwanta na baya-bayan nan ta jera masa guda shida. Biyar ya ajiye a kula. Ta shida ya daɗe yana juyawa.

"Wannan da kumfa."

"Haba Baba, ina? Na duba fa."

"Ga ta can a gefen murfi, kamar kan allura."

Ta karɓa, ta ƙanƙance ido, ta ja dogon tsaki. Rana ta take, ramin na can tsallaken titi, ta riga ta naɗe igiyar awo ta rufe murfin ƙarfe.

"Wannan 'yar mitsitsiyar, Baba..."

"Ni ma haka aka ce mini a kan maganin nan, wai ba komai ba ne," in ji shi. "Tashi ki sake cikawa. Ina riƙe miki da kular."